Zoɓo da kunun aya: Wahalar da ƙananan masu sana'a ke sha wajen neman gora, murfi da masana'anta

Duk wanda ya bi titunan Kano da la'asar sakaliya a watan azumi ya san yadda abin yake. Kuloli ne jere a bakin hanya an shaƙe su da ƙanƙara, ga zoɓo ja wur, ga kunun aya, ga lemon tsamiya da na citta. Mai saye yakan tambayi kuɗi, ya taɓa gorar ya ji ko ta yi sanyi, ya biya ya wuce. Da wuya ka ga wanda ya juya ta ya duba daga ina ta fito.

Amma a wurin matar da ta kwana tana jiƙa aya da tacewa, gorar nan ita ce rabin ciwon kan sana'ar. Haɗa abin sha mai daɗi ba shi ne matsala ba, yawancin masu yi a gidajensu suka gaje shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ciniki ya fara buɗewa, wani kanti ko gidan abinci ya ce a riƙa kawo masa, amma da sharaɗin a zuba a sabuwar gora mai rufaffen murfi, da suna, da ranar da aka yi. Daga nan ne mai sana'a ke gane cewa masana'antun da ke yin waɗannan kaya ba don irinta aka kafa su ba.

Tsohuwar gora da abin da ke tattare da ita

Shekara da shekaru sana'ar nan a kan tsohuwar gora take tafiya. Yara da 'yan jari-bola kan tsinto gorunan ruwa da na lemo daga wuraren biki, gidajen abinci, tashoshin mota da ma kan juji, su sayar wa masu tarawa, su kuma su sayar da su a buhu. Mai zoɓo ta saya, ta wanke da omo, ta ɗauraye, ta zuba.

Arahar ita ce ta riƙe wannan tsari, kuma ba wanda zai ga laifin mai ƙaramin jari da ta bi ta nan. Sai dai ita kanta ba ta san abin da aka taɓa zubawa a gorar ba kafin ta iso hannunta. Wata ruwa ne kawai aka sha a ciki, wata kuwa an ajiye fetur, ko maganin ƙwari, ko an yi fitsari a ciki a kan hanyar tafiya. Wankin omo da ruwan sanyi ba ya kai wa ga lungunan bakin gora inda murfi ke ɗaurewa, kuma in aka ce a zuba tafasasshen ruwa, gorar ce za ta lanƙwashe.

Akwai kuma batun murfi. Sabon murfi yana zuwa da ɗan zobe a ƙasansa wanda ke tsinkewa idan aka buɗe. Wannan zoben shi ne shaidar mai saye cewa ba wanda ya riga shi kai baki. Tsohuwar gora ba ta da wannan shaida, shi ya sa babu wani babban kanti da zai ɗora ta a kan kantarsa, kuma babu yadda za a yi Hukumar NAFDAC ta ba da lamba ga abin da aka ɗura a cikinta.

Masana'anta ba ta san ɗari biyu ba

Kano ba ta rasa masana'antun roba ba. Akwai su a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata da kan titin Haɗeja. Abin da ke hana ƙaramar mai sana'a cin moriyarsu kai-tsaye shi ne mafi ƙarancin adadin da suke yarda su sayar ko su buga wa mutum.

Dalilin yana cikin yadda ake yin gorar. Irin wadda ake zuba ruwa da lemo a cikinta, wato robar PET, hawa biyu ake yi mata. Da farko ana narka ƙwayoyin robar a zuba su su zama wani ɗan bututu mai kauri, kamar kwalbar ɗibar jini a asibiti, wanda bakinsa ya riga ya gama fita da zarensa na murfi. Shi 'yan kasuwar ke kira firifom. Daga nan sai a ɗumama shi, a sa shi cikin wani ƙarfe mai siffar gorar da ake so, wato mol, a hura masa iska mai ƙarfi har ya buɗe ya cika siffar.

Duk lokacin da za a canja siffar gora sai an tsayar da inji, an kwance mol an ɗaura wani, an sake daidaita zafi, an yi asarar gorunan farko da ke fita a karkace. Mai masana'anta ba zai yi wannan wahala don gora ɗari biyu ba, musamman yanzu da wuta ta yi tsada. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, kuma wanda ba ya samun wutar da dizal yake aiki. Shi ya sa maganarsa daga dubbai take farawa.

A ƙaddara mace tana sayar da gora 200 a mako, masana'anta kuma ta ce ba ta sayar da ƙasa da 10,000. Wannan kayan mako 50 ke nan, kusan shekara guda. Jarinta gaba ɗaya zai kwanta a kan fankon roba, ba ta sayi zoɓo ba, ba ta sayi sukari ba. Ga kuma wurin ajiya, domin gora ba nauyi gare ta ba, cin wuri ne da ita, 10,000 sai ta cinye ɗaki guda, kuma in ta daɗe ƙura da ɓera da zafin kwano su ma suna da nasu kason.

A nan ne dila ke shigowa. A Kasuwar Sabon Gari da kewayenta akwai masu saro gora daga masana'antu su riƙa sayarwa leda-leda, galibi tare da murfinta. Farashin kowace ɗaya ya fi na bakin masana'anta, amma ga wanda ke farawa wannan ƙarin ya fi sauƙi a kan kwantar da jari. Matsalar dila ɗaya ce: ba shi da tabbas. Yau ka samu mai wuya dogo, mako mai zuwa ya ce ta ƙare sai mai faɗi. Wadda ta buga sitika daidai da gorar farko sai ta ga ba ta hau ta biyu ba.

Tsakanin dila da babbar masana'anta akwai wani rukuni da mutane da yawa ba su sani ba, wato ƙananan masu injin hura gora. Su ba sa yin firifom, saye suke yi, suna da mol iri biyu ko uku, suna hurawa suna sayar wa masu ruwan gora da masu yogot. Irin waɗannan sun fi saurin sauraren mai son dubu ɗaya ko biyu, muddin ya yarda da siffar da suke da ita. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce tambayar masu gidajen ruwan gora na unguwa inda suke samun tasu, domin yawancinsu ba su da allo a bakin titi, balle shafi a intanet.

Shi kuwa burin mallakar gora mai siffa ta musamman da sunan mutum a jikinta, abu ne da ya kamata a ajiye shi gefe tukuna. Sai an ƙera maka mol naka na kanka, sau da yawa daga Legas ko Chana, kuma kuɗinsa kaɗai kan iya fin jarin sana'ar baki ɗaya. Haka ma gwangwani. Ana yin sa a Najeriya, kamfanin GZI na da masana'antu a Agbara da Aba, amma harkar ta manyan kamfanoni ce, kuma ko an ba ka gwangwanin kyauta sai ka nemi injin da zai ɗura ya liƙe.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar asara shi ne bakin gora. Ba duka ne ɗaya ba. Akwai mai faɗin milimita 28 irin na lemon kwalba, akwai na ruwan gora mai gajeren zare, akwai mai faɗin milimita 38 da aka fi zuba yogot da fura a ciki. Ko a cikin masu faɗi ɗaya ma zaren kan bambanta. Wanda ya sayi gora a wani shago, ya je wani ya sayo murfi don ya fi araha, yana iya tarar da kularsa ta koma tafkin zoɓo kafin ya isa kanti. Gwajin bai da wuya: a cika guda biyar da ruwa, a ɗaure, a kifa su a matsa da hannu, a bar su kwance su kwana. A yi wannan kafin a biya kuɗin sari, ba bayan an biya ba.

Zoɓo daban, kunun aya daban

Kafin a tambayi ina za a sami gora, akwai tambayar da ta riga ta: me za a zuba, kuma kwana nawa ake so ya yi?

Zoɓo yana da tsami na asali, kuma tsamin nan kariya ne, domin ƙwayoyin cuta masu haɗari ba sa jin daɗin yaɗuwa a cikinsa. Masana abinci suna da iyaka da suke aiki da ita, lamba 4.6 a ma'aunin tsami na pH. Abin da ya yi ƙasa da haka ana ɗaukarsa mai tsami, kuma zoɓo da tsamiya suna can ƙasa sosai. Irin wannan abin sha in aka dafa shi, aka ɗura shi da zafinsa a mazubi mai tsafta aka rufe nan take, yana iya daɗewa fiye da yadda aka saba gani.

To amma nan ma akwai tarko. Gorar PET ta gama-gari tana fara laushi ne daga wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, alhali ɗurin zafi yana son abin ya haura digiri 80. Sai gorar ta motse, bakinta ya karkace, murfi ya daina kamawa. Mafita ita ce kwalba, ko gorar da aka yi musamman don jure zafi, wadda ta fi kauri da tsada kuma ba kowane dila ne ya san ta ba. Kwalba kuwa ana yin ta a ƙasar nan, kamfanin Beta Glass na da masana'antu a Agbara da Ughelli, sai dai kafin ta iso Arewa a hannun 'yan sari kuɗin mota da na fashewa sun hau kanta. Ta fi dacewa da wanda ke sayar wa otal ko gidan abinci, inda za a iya dawo masa da ita.

Kunun aya kuma wata duniya ce. Ba shi da tsami, ga sukari ga maiƙo ga sitaci, duk abin da ƙwayoyin cuta ke so. Shi ya sa wanda aka yi da safe, in wuta ta ɗauke, kafin magariba ya fara kumfa gorar ta kumbura. Kuma ba ya son wuta, domin in zafi ya haura digiri 70 da 'yan kai sitacin da ke cikinsa sai ya kama ya yi kauri kamar koko.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya suna da nasu kunun ayar da suke kira horchata, har suna sayen aya daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar inda ake noma ta sosai a jihar Maraɗi. Su ma ɗanyen nasu 'yan kwanaki kawai yake yi a firiji. Wanda ake gani a kwali yana wata da watanni sai da aka bi ta kan sitacinsa a masana'anta, sannan aka dafa shi da matsanancin zafi na 'yan daƙiƙoƙi aka ɗura a wurin da iska ba ta shiga. Injinan wannan aiki ba na tsakar gida ba ne.

Abin nufi, babu gorar da za ta ceci kunun aya. Mai wannan sana'a abin da ya fi mata amfani shi ne firiza mai aiki da sola, da kanti na kusa da ke da tsayayyen sanyi, da yin daidai abin da zai ƙare. Duk wanda ya ce mata yana da hodar da za ta barbaɗa ya yi wata guda a kan kanta, ta yi hattara da shi. Sinadarin hana lalacewa da aka fi sani, sodiyam benzowet, a cikin abu mai tsami yake aiki, a kunun aya kusan aikin banza ne.

Darasin ɗan tsami

Maganar hoda ta kawo mu ga wani abu da mutanen Kano ba su manta ba. A watan Maris na 2021, gab da azumi, aka riƙa kwasar mutane zuwa asibiti suna amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon haɗi. Daga baya gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kusan 400 sun kwanta a asibiti, wasu da ciwon ƙoda. Binciken NAFDAC ya gano cewa wani sinadarin masana'antu mai guba ne aka sayar wa mutane a matsayin ɗan tsami.

Yawancin waɗanda suka haɗa lemon ba su yi da mugun nufi ba. Farar hoda ce suka saya a ƙulle a leda, ba suna ba lamba, kamar yadda suka saba. Wannan ya isa ya nuna cewa neman mai kawo kaya bai tsaya a kan gora ba. Ɗan tsami, kala, kayan ƙamshi, sinadarin zaƙi, duk wanda za a saya a saye shi a cikin mazubinsa na asali mai sunan kamfani da ranar ƙarewar wa'adi, kuma a tabbatar na abinci ne. In buhun ya yi wa mutum ɗaya yawa, gara mutum biyar su haɗu su saya su raba a gabansu, da a sayi ƙulli a hannun wanda shi ma bai san asalinsa ba.

Sitika: inda ake yawan yin gaggawa

Sitika ita ce fuskar kaya, kuma ita ce abin da ya fi saurin ba mutum kunya. Ta takarda tana da araha, tana da kyau ranar da aka manna ta, amma minti kaɗan a cikin ƙanƙara sai ta jiƙe ta saɓule, tawadar ta zuba a hannun mai saye. Abin sha mai shiga kula sitikar roba yake so, mai gam ɗin da ke jure ruwa. A nemi mai bugawa ya ba da samfur, a manna a gora a jefa cikin bokitin ƙanƙara a bar shi ya wuni.

Ta fuskar adadi, a nan abin ya yi sauƙi fiye da da. Injinan bugu na zamani masu karɓar zane kai-tsaye daga kwamfuta suna buga ɗari ko ɗari biyu ba tare da wata matsala ba, kuma ana samun su a manyan biranen Arewa. Kowace ɗaya ta fi tsada, amma ba a kwantar da kuɗi. Irin rigar ledar nan mai lulluɓe gora gaba ɗaya da ake gani a kayan manyan kamfanoni, da jakar leda mai ɗan bututun sha, su ne ke buƙatar a sassaƙa wa kowace kala nata ƙarfen bugu, don haka masu yin su ba sa kunna inji sai a kan dubun-dubata. Masu neman irin wannan aiki Legas suke nufa, unguwannin Shomolu da Mushin, ko su yi oda daga Chana.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne buga sitika da yawa kafin a je NAFDAC. Hukumar tana duba abin da aka rubuta a jikin kaya kafin ta amince: sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewa, da yadda za a adana. Tana kuma hana iƙirarin magani. Wadda ta rubuta cewa zoɓonta yana maganin hawan jini, ko kunun ayarta na ƙara ƙarfin maza, za a ce ta cire, kuma in ta riga ta buga dubu biyar sun zama shara. Haka in ya zamana wani ya riga ta yi wa sunan rajista a ofishin alamun kasuwanci.

Manyan kantuna kan nemi lambar nan mai zane-zane da ake haskawa a wurin biya. Ƙungiyar GS1 Nigeria ce ke bayar da ita, kuma lambobin da ta fitar da 615 suke farawa. Masu zane da yawa kan kwafo wata daga intanet su manna don ado, sai ranar da aka haska a kanti ta fito da sunan wani kaya dabam.

Kai niƙa, amma na lemo

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa mutum ya kai kayansa injin wani. Mai shinkafa na kai ta a casa masa a Kura, mai gyaɗa na kai ta a matse masa mai, ba tare da ya mallaki inji ba. Irin wannan tsari akwai shi a harkar abin sha: kai ke da suna da yadda ake haɗawa, wani ke da gini da injin tace ruwa da tukwanen ƙarfe da injin ɗuri, ya yi maka ka biya shi ladan aiki. NAFDAC ta san da wannan, tana karɓar rajistar kayan da aka yi a masana'antar wani idan aka kawo rubutacciyar yarjejeniya, kuma masana'antar ita ake zuwa dubawa.

Amfaninsa a fili yake. Abin da ya fi kayar da ƙananan masu sana'a a wajen rajista ba kuɗin fom ba ne, wurin aiki ne. Ana son wuri keɓantacce mai tsafta da tsari, da ruwa mai kyau, da shaidar lafiyar ma'aikata, da shaidar feshin ƙwari. Wadda ke haya a ɗaki biyu da 'ya'yanta ba ta da inda za ta fitar da wannan.

Amma samun masana'antar da za ta karɓi ƙaramin aiki shi ma jan aiki ne. Tukunyar da ke cin lita dubu ba a kunna ta don lita hamsin, kuma bayan an gama sai an wanke layin gaba ɗaya, ga shi zoɓo da rini. Waɗanda suka fi dacewa a tunkara su ne matsakaitan gidajen yogot da na lemo da ba kullum injinsu ke aiki ba, musamman da damina da lokacin sanyi da kasuwarsu ke ja baya. A lokacin zafi da azumi kuwa, ko sallamarka ba za su amsa da kyau ba.

Akwai kuma wuraren gwamnati. Hukumar kula da cibiyoyin renon fasaha ta ƙasa tana da cibiyoyi a jihohi da dama, ciki har da Kano, inda ake ba masu ƙananan masana'antu wurin aiki na wani lokaci. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana aiki a kan yadda za a tsawaita kwanan abubuwan sha na gargajiya, tana kuma horar da mutane. SMEDAN ma tana da cibiyoyin bunƙasa masana'antu. Sai dai a faɗi gaskiya, tsakanin abin da ke rubuce da abin da mutum zai tarar akwai tazara. Wani wurin injin na nan babu wuta, wani wurin layin jira ya yi tsawo. Zuwa da ƙafa a gani da ido ya fi jin labari.

A Ghana, inda ake kiran zoɓo sobolo, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ɓullo da lasisi mai hawa-hawa ga masu sana'ar cikin gida, mutum ya fara da matakin farko yana gyara wurinsa yana hawa. Ita ma NAFDAC tana da rukuni na musamman ga mafi ƙanƙantar masu sana'a da kuɗinsa bai kai na manya ba, kuma ana shigar da buƙata ta shafinta na NAPAMS. Zuwa ofishin hukumar na jiha a yi tambaya kyauta ne, kuma ya fi miƙa kuɗi ga ɗan tsakiyar da zai kawo lambar da ba a san inda ya samo ta ba. Lambar NAFDAC ta kaya ɗaya ce tak. Aron ta wani a manna, ko da ɗan uwa ne ya bayar da hannunsa, laifi ne.

Wanda ya sami masana'antar da ta yarda, kada zumuɗi ya hana shi rubuta abubuwa a takarda. Wa zai kawo zoɓo da sukari da gora? Idan rukuni guda ya lalace ko ya fita da wani ɗanɗano, asarar wa ce? Da sunan wa za a yi rajistar, mai kaya ko mai inji? Wannan ta ƙarshen ita ce mai zafi, domin in da sunan masana'anta aka yi, ranar da aka ɓata mai kaya zai tashi ba shi da lamba. Sai kuma sirrin haɗi. Ba kowa ne zai ga kaya na tafiya a kasuwa, ga shi ya san awon komai, ya kau da kai ba. Dabarar da wasu ke yi ita ce su haɗa kayan ƙamshinsu a gida, citta da kanumfari da sauran abin da ya bambanta nasu, su kai a niƙe a gauraye. A kuma tambaya ko harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, yana cikin farashin da aka yanka ko daga baya za a ɗoro shi.

Lissafin da ba a cika yi ba

Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, komai na wannan sana'a ya motsa. Roba daga man fetur ake samo ta, kuma duk da cewa kamfanin Indorama na yin ƙwayoyinta a Fatakwal, farashinta da Dala yake tafiya. Shi kansa zoɓon yanzu kayan fitarwa waje ne, daga gonakin Jigawa zuwa Kasuwar Dawanau zuwa Meziko, don haka mai kula a bakin titi da 'yan kasuwar duniya take takarar saye. Citta ma ta yi tashin da ba a taɓa gani ba bayan cutar da ta cinye gonakin Kudancin Kaduna a 2023.

A cikin wannan yanayi, masu sana'a da yawa suna lissafa zoɓo da sukari da ƙanƙara, su manta da gora da murfi da sitika da ledar naɗe dozin da kuɗin Keke Napep. Ga kuma waɗanda kanti zai dawo da su ba a sayar ba, tunda yawancin kantuna sai an sayar suke biya. Idan aka tara, ba abin mamaki ba ne a tarar mazubin ya kusa kamo abin da ke cikinsa tsada. Wadda ta koma sabuwar gora ba ta ƙara farashi ba, kuma ba ta canja masu sayenta ba, aiki kawai take yi wa mai roba.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin jari ita ce wadda mata suka daɗe da sani a adashi. Mutum goma masu buƙatar dubu ɗaya-ɗaya in suka yarda da siffar gora guda, sun zama mai sayen dubu goma, kuma masana'anta za ta saurare su. Kowa sitikarsa ce za ta bambanta shi. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka sananne ne: wa zai riƙe kuɗin, wa zai ajiye kayan, da wadda za ta ce a ba ta nata kason bashi. Gara a fara da oda ɗaya a raba a tashi, in ta yi kyau a sake.

Masu saye daga nesa kuma, ta Instagram ko WhatsApp ko Jiji, su sani hoto ba ya nuna kaurin gora. Ana auna ta ne da nauyin firifom ɗinta a giram, kuma gora biyu masu cin rabin lita na iya zama ɗaya tsayayya ɗaya kuma kamar ledar fiya-wata. A tambayi giram nawa ce, a nemi a aiko da samfur ta tasha ko da mutum zai biya kuɗin motar, kuma kada a tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba a taɓa ciniki da shi ba. Kafin alƙalami ya isa, sauran in kaya sun hau mota.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Daga watan Maris zuwa Mayu, da makonni biyu kafin azumi, kowa gora yake nema, har da manyan gidajen ruwa da ke kwashe abin da masu hurawa suka yi. A irin wannan lokaci dila kan ce babu, ko ya ce akwai amma ba murfi. Mai niyyar cin kasuwar azumi tun a Rajab ya kamata ta je ta ga dilanta, ta gwada murfin, ta ajiye abin da ɗakinta zai iya ɗauka a cikin ledarsa a ɗaure, nesa da rana da kananzir.